Waiwaye: Ranar da Shugaban Ford Ya Tafa wa Mai Mugun Labari

A watan Satumban 2006, Bill Ford ya yi abin da 'yan gado ba su cika yi ba. Ya sauka daga kujerar gudanar da kamfanin motocin da kakan mahaifinsa, Henry Ford, ya kafa a 1903, ya miƙa ta ga bare. Babu wanda ya isa ya tilasta masa, domin zuri'ar Ford ce ke riƙe da kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un masu hannun jari. Shi da bakinsa ya shaida wa daraktocin kamfanin cewa kayan sun yi masa nauyi, a nemo wanda zai ɗauka. Ya ci gaba da zama shugaban hukumar daraktoci, amma linzamin aikin yau da kullum ya koma hannun wani mutum mai suna Alan Mulally.

Mulally bai taɓa sana'ar mota ba. Injiniyan jiragen sama ne, ya yi shekara 37 a kamfanin Boeing, yana cikin jagororin ƙera jirgin 777, daga baya ya shugabanci sashen jiragen fasinja baki ɗaya. Motar da yake hawa a lokacin ma Lexus ce, ta gidan Toyota, kuma bai ɓoye cewa yana jin daɗinta ba. A Dearborn, garin da hedikwatar Ford take a gefen birnin Detroit, wannan kaɗai ya isa a yi wa mutum kallon hadarin kaji.

Halin da ya tarar ba mai daɗi ba ne. A shekarar nan ta 2006 Ford ya yi asarar sama da dala biliyan 12, mafi muni a tarihinsa zuwa wannan lokaci. Kamfanin ya daɗe yana dogaro da ribar manyan motoci masu zuƙar mai, sai fetur ya yi tsada, masu saye suka karkata ga Toyota da Honda. Ga nauyin fansho da kuɗin asibitin tsofaffin ma'aikata. Tun a watan Janairu an sanar da shirin rufe masana'antu 14 da rage ma'aikata har 30,000, kuma a watan da Mulally ya zo aka dakatar da biyan ribar hannun jari, abin da ya taɓa aljihun 'yan gidan Ford kai tsaye.

Duk wannan a rubuce yake, jaridu suna bugawa. Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda manyan kamfanin ke zama da juna. Ford na Turai daban, na Amurka daban, na Asiya daban, kowane shugaban yanki yana tsaron masarautarsa. Mutum yakan zo taro da alƙaluman da suka dace da wanda zai saurare shi, gobe ya kai wasu daban wani taron. Ana yin taro kafin taro domin a shirya abin da za a faɗa a taro. Wanda ya bari aka ga rauninsa kuwa, abokan aikinsa ne za su fara cinye shi. Ɗan jaridar Detroit Bryce Hoffman ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa American Icon na 2012, kuma Mulally da kansa ya sha ba da labarin a bainar jama'a.

Maganin da sabon shugaban ya kawo, a ido, ba shi da wani kwarjini. Taro ne kowace Alhamis da safe. Duk shugaban sashe sai ya halarta, kuma shi zai yi bayanin sashensa da bakinsa, ba mataimakinsa ba. Ba taɓa waya, ba raɗa da na kusa, ba ba'a ga wani. Kowane aiki da ke hannun mutum zai shafa masa launi irin na danjar titi: kore in komai na tafiya daidai, rawaya in akwai cikas amma an san mafita, ja in an kauce hanya kuma ba a san yadda za a yi ba tukuna.

Aka yi makon farko, aka yi na biyu, aka ci gaba. Duk shafin da aka haska a allo kore ne shar. Ɗaruruwan shafuka, babu ja ko ɗaya. Rannan Mulally ya dakatar da taron ya yi musu tambayar da ko yaro zai iya yi: kamfanin nan zai yi asarar biliyoyin daloli a bana, to wai babu wani abu ko guda da ke tafiya ba daidai ba? Ɗaki ya yi tsit. Aka ci gaba da haska kore.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin da sauƙi a ce waɗannan mutane maƙaryata ne, a wuce. Ni ban ɗauke su haka ba. Ƙwararru ne da suka yi shekara ashirin, talatin suna kallon abin da ke samun wanda ya kawo mugun labari, suka yi lissafi, lissafin ya nuna musu shiru ya fi riba. Kowane wurin aiki yana da farashin da ake biya kafin a faɗi gaskiya, kuma shugaba ne ke yanke farashin nan, ko ya sani ko bai sani ba. Ba da jawabi yake yanke shi ba. Shugabannin Ford na baya su ma sun sha cewa ƙofarsu a buɗe take. Da fuskarsa yake yankewa a daƙiƙar da aka gaya masa abin da ba ya so, da kuma abin da ya sami mai faɗar bayan kwana bakwai.

Wanda ya fara gwadawa shi ne Mark Fields, shugaban harkokin Ford a nahiyar Amurka. Mutum ne da ake ganin shi ma ya sa rai da kujerar da aka ba Mulally, don haka da yawa suna jiran ranar da za a yi waje da shi. A lokacin ana dab da fitar da sabuwar mota, Ford Edge, daga masana'antar Oakville ta ƙasar Kanada, motar da kamfanin ya ɗora wa buri mai yawa. Sai masu gwaji suka gano matsala a jikinta, ba a kuma san musabbabinta ba. Fields ya ba da umarni a tsayar da kai motocin wurin dillalai. Ranar Alhamis ya shafa wa aikin ja, ya haska a gaban kowa, ya ce ga halin da ake ciki, kuma ba su da mafita tukuna.

Aka yi jugum, ana jiran saukar aradu. Sai aka ji tafi. Mulally ne ke tafawa. Ya yaba wa Fields da ya bari aka ga abin da ke faruwa, sannan ya juya ga sauran ya tambaya wa zai iya taimaka masa. Bennie Fowler, mai kula da ingancin kaya, ya ce zai tura mutanensa. Wasu ma suka miƙa hannu. Ba a ɗauki wani lokaci mai tsawo ba aka wuce zuwa shafi na gaba.

Yawancin masu ba da labarin nan a tafin suke tsayawa. A wurina abin da ya faru mako na gaba ya fi tafin muhimmanci. Da aka dawo taro, sauran shafuka suna nan kore kamar yadda suke. Mutane ba su gamsu ba. Sun san tafi a gaban jama'a ba ya hana sallama a bayan fage, sun zo ne su ga ko kujerar Fields za ta kasance wayam. Suka same shi zaune, da muƙaminsa, ba abin da ya ragu. Sai a makon da ya biyo baya allon ya cika da ja da rawaya. Asarar ba ta ƙaru da ko kwabo ba a tsakanin makonnin nan, tana nan tun da. Ranar ce dai shugaban kamfanin ya fara ganin inda take. An gyara Edge, ta shiga kasuwa.

Akwai abubuwa a cikin yadda ya yi wannan da suka cancanci a duba da kyau. Tambayarsa ta farko ba ta neman mai laifi ba ce, ta neman mai taimako ce. Tambayar "wa ya jawo?" tana sa kowa ya ja baya ya kare kansa, ita kuwa "wa zai taimaka?" tana sa mutum ya tuna abin da ya sani. Sannan ya sha nanata musu cewa aikin ne ja, ba mutumin ba, wato mai ɗauke da matsala ba shi ne matsalar ba. Bai kuma yarda a mayar da taron Alhamis zauren shari'a ba. Duk abin da ya fito ja, akan ware masa wani zama na daban da waɗanda abin ya shafa kaɗai, a can ake tsefe shi. Mutum ya san in ya fito da ciwonsa ba za a yi masa fiɗa a gaban mutum goma sha ba. Wannan ya rage tsadar magana ƙwarai.

Kada a ɗauka sanyin hali ne. Mulally ya kasance mai fara'a, amma ba ya lanƙwasa a kan ƙa'idojin nan. Wanda ya ci gaba da latsa waya ko yi wa abokin aiki shaguɓe, yakan bi shi ofis bayan taro, su biyu, ya gaya masa abin da ya gani. Abin da aka ruwaito yana faɗa a irin wannan zama kusan ɗaya ne kullum: in ba za ka iya aiki a haka ba, hakan bai mayar da kai mutumin banza ba, amma zaɓi ne ka yi, kuma ma'anarsa ba a nan za ka yi aiki ba. Wasu manya sun gyara, wasu sun tattara nasu ya nasu. Abin lura shi ne babu wanda ya tafi yana cewa bai san dalili ba. An gaya masa laifin da sunansa, an gaya masa abin da ake so, an ba shi dama, an kuma bar masa mutuncinsa.

Ba kowa tafin nan ya amfana ba, wannan ma a faɗe shi. Kafin ƙarshen 2006 ma'aikatan masana'anta kusan 38,000 sun karɓi tayin kuɗin sallama domin su ajiye aiki. An rufe masana'antu, garuruwan da suka dogara da su sun ji jiki. An sayar da Aston Martin a 2007, Jaguar da Land Rover ga kamfanin Tata na Indiya a 2008, Volvo ga Geely na ƙasar Sin a 2010. Ga magidancin da ya rasa aikin da ubansa ya yi kafin shi, ladabin da ake yi wa juna a bene na sama bai sa tukunya a wuta ba. Abin da za a iya cewa shi ne shugabannin ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan mota, ƙarƙashin Ron Gettelfinger, an zauna da su an nuna musu lissafin yadda yake, kuma a farkon 2009 ma'aikatan Ford suka amince da rage wasu haƙƙoƙinsu. Da aka sake komawa neman ƙari a ƙarshen shekarar, suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi. Faɗin gaskiya ba ya sa a ba ka duk abin da ka roƙa. Yana dai sa a saurare ka in ka dawo.

Haka aka yi da bankuna. A ƙarshen 2006 Ford ya ciwo bashin sama da dala biliyan 23, ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da shuɗin tambarin nan mai ɗauke da sunan gidan. Mutane da yawa sun ɗauka alamar mutuwa ce. Da kasuwar bashi ta duniya ta ƙafe a 2008, kuɗin nan ne suka tsayar da kamfanin a kan ƙafafunsa, duk da asarar sama da dala biliyan 14 da ya yi a shekarar. Chrysler ya shiga kotun karayar arziki a watan Afrilun 2009, General Motors ya bi shi ranar 1 ga Yuni, gwamnatin Amurka ta zuba masa kusan dala biliyan 50. Ford bai shiga ba, ya ma rufe 2009 da ribar dala biliyan 2.7. Gaskiya ne ya karɓi rancen dala biliyan 5.9 daga ma'aikatar makamashi don sabunta masana'antu, saboda haka masu cewa bai taɓa kuɗin gwamnati ba sun yi ƙari. Gaskiya ne kuma akwai sa'a a lokacin da aka ci bashin. Amma wanda shafukansa duka kore ne ba zai san yana bukatar biliyan 23 ba, balle ya je nema tun kafin ƙofa ta rufe. Tambarin bai dawo hannunsu ba sai a watan Mayun 2012.

Shi kansa gwanin ya taɓa yin tuntuɓe, kuma a gaban duniya. A watan Nuwamban 2008 shugabannin kamfanonin uku suka je majalisar dokokin Amurka neman tallafin dala biliyan 25 ga masana'antar. Mulally ya bi su ne domin masu kawo musu kayan gyara kusan ɗaya ne, in General Motors ya faɗi zai ja su, su kuma su ja Ford. Sai ga shi kowannensu ya iso a jirgin kamfani na alfarma, ya zo roƙon kuɗin talakawa. Da aka tambayi Mulally ko zai yarda a mayar da albashinsa dala ɗaya, ya nuna shi dai yana ganin inda yake ya yi masa. Amsar ta yi masa illa. Mutumin da ya iya sauraron na ƙasa da shi ya manta cewa ranar shi ne a ƙasa. A watan Disamba ya dawo a mota, tafiyar ɗaruruwan kilomita, da alƙawarin sayar da jiragen kamfanin da karɓar dala ɗaya in har Ford ya taɓa kuɗin tallafin. Wanda zai nemi wasu su yi haƙuri da rashi, ana fara duba abin da shi ya rasa.

Yanzu mu leƙa maƙwabta. Daga Dearborn zuwa hedikwatar General Motors a tsakiyar Detroit ba wata tafiya ba ce, kuma a shekarun nan guda wani labari yana gudana a can. Makunnin wasu ƙananan motocinsu, irin su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, ba shi da ƙarfin riƙo. Nauyin tarin makullai, ko gwiwar direba, ko gargadar hanya, na iya juya makullin mota tana cikin gudu. Inji ya mutu, sitiyari da birki su yi tauri, jakar iskar da ke tare mutum a lokacin karo ta ƙi buɗewa. Injiniyoyi sun ga alamar abin tun wajen 2004, lokacin da Cobalt ke fitowa. Aka ɗauke shi a matsayin abin da ke ɓata wa mai mota rai kawai, ba abin da ke kisa ba. A 2005 aka rufe binciken da hujjar cewa gyaran bai dace da lissafin kasuwanci ba, aka aika wa dillalai takarda su shawarci masu mota su rage kaya a jikin makulli. Gyaran kuwa bai kai dala ɗaya a kowace mota ba.

A 2006, shekarar da Fields ya haska jan shafinsa, wani injiniyan General Motors ya amince a sauya makunnin da mai ƙarfi, amma bai sauya lambar kayan ba. Ya gyara a ɓoye, ya bar kaza cikin gashinta. Sakamakon haka masu binciken kamfanin suka yi shekaru suna mamakin me ya sa tsofaffin motoci ke haɗari sababbi ba sa yi, alhali a takarda kayan ɗaya ne. Sai a 2013 wani lauya a jihar Jojiya, mai wakiltar iyalan wata mata da ta mutu a Cobalt, ya sa aka kwance makunnai tsoho da sabo aka gwada, aka ga bambancin. A watan Fabrairun 2014 aka fara yi wa motocin kiranye, adadinsu ya kai miliyan 2.6. Da farko kamfanin ya amsa mutuwar mutum 13. Asusun diyyar da ya kafa daga baya ya amince da 124.

Rahoton da tsohon mai gabatar da ƙara Anton Valukas ya rubuta a kan lamarin, mai shafi sama da 300, ya ambaci ɗabi'u biyu da ma'aikatan suka laƙaba wa suna da kansu. Ɗaya gyaɗa kai: kowa a taro ya gyaɗa kai cewa za a yi, a tashi, ba wanda ya yi. Ɗaya kuma harɗe hannu a ƙirji, kowane ɗan yatsa na nuna wani, wato ba aikina ba ne. Har horo aka taɓa yi wa ma'aikata a 2008 a kan kalmomin da ba a so su rubuta a rahoto, a guji kiran aibi aibi, a nemi kalma mai laushi. Rahoton bai sami wata maƙarƙashiya daga sama ta ɓoye abin ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ba sai shugaba ya ce a ɓoye masa ba. Ya isa kawai mutane su fahimci ba ya son ji.

Mary Barra ta hau kujerar shugabancin kamfanin a watan Janairun 2014, makonni kaɗan kafin abin ya fashe. Duk maganganu masu nauyin da aka ƙi yi cikin shekara goma suka taru suka faɗo mata a wata shida. Ta zauna da iyalan mamatan ido da ido ta ba su haƙuri. Ta sha tambayoyi a majalisa. A watan Yuni ta tara ma'aikata ta karanta musu abin da rahoton ya ce ba tare da sassautawa ba, ta sanar da korar mutum 15, ta kuma ce ba ta so a manta da abin, tana so ya zauna a zukatansu. Ta yi abin da ya kamata, a ganina, amma a makare aka yi shi, kuma ba ita ta makara ba. A 2015 kamfanin ya biya tarar dala miliyan 900 ga ma'aikatar shari'a, ban da diyya da kuɗin gyara. Maganar da za a yi ta a ɗakin taro a 2005, wani ya ji kunya na rabin sa'a, ita ce aka yi a gaban majalisa da gawarwaki a tsakani.

Shi kuwa Fields, shi ya gaji Mulally a watan Yulin 2014. Bai cika shekara uku ba hukumar daraktoci ta sauke shi a watan Mayun 2017, saboda darajar hannun jari ta faɗi. Jarumtar rana ɗaya ba ta zama masa laya ba, kuma ba don ta zama aka yi ta ba.

To mu fa? Ba sai mutum yana da ma'aikata dubu ɗari ba kafin wannan ya shafe shi. Mai shaguna uku a Kantin Kwari, da mai tireloli biyar, da mai makarantar kuɗi, da hajiyar da ke da ɗinki da yara goma, kowa yana da nasa koren shafin. Namu ma ya fi na Dearborn kauri, domin mun haɗa shi da tarbiyya. "Yaya kasuwa?" "Alhamdulillahi, Alhaji." "Yaya motar?" "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Alhali yaro ya ba da kaya bashi mai karɓa ya daina ɗaga waya, direba kuma ya kwana biyu yana jin ƙara a inji yana addu'ar kada ta tsaya a hannunsa. Ba rashin amana ne ke rufe bakinsu kullum ba. Sun ga yadda aka yi wa wani abokin aikinsu tsawa a gaban masu ciniki, an ambaci uwarsa da ubansa, an karɓe makulli. Daga ranar maigida ya sayi shirun duk yaransa, kuma zai biya kuɗin ranar da aka zo lissafin ƙarshen shekara.

Ban ce a yar da kunya da kara ba. Cikinsu akwai abin da Mulally ya sha wahala kafin ya koya wa mutanensa: a keɓe mutum kafin a yi masa gyara, kada a tozarta babba a gaban yara, a fara da gaisuwa kafin a shiga magana. Inda muke faɗuwa shi ne inda kara ta hana maganar fitowa sam. Maigida ya gaji da yaro, musamman in ɗan 'yar'uwa ne ko ƙanin matarsa, amma ba zai iya buɗe baki ba. Sai ya daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska, ya daina aikensa banki, ya riƙa yin habaici, yana jiran yaron ya gane ya tafi da kansa. Ko ya aiko wani ya gaya masa. Yaron ya tafi bai san laifinsa ba, ya kai ƙara gida, zumunci ya ɓaci, abin da ake gudu tun farko. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Da an zaunar da shi tun wata shida baya an ce, "Wane, sau uku ke nan kuɗin ciniki ba ya cika, ga littafi, gaya mini abin da ke faruwa," da ko dai ya gyara, ko a rabu kowa ya san dalili.

In kuma rabuwar ta zama dole, tana da ƙa'ida ko a dokar ƙasa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewar ma'aikaci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Mai mutunci zai ɗora a kai: ya faɗa da bakinsa, ba ta saƙon waya ba, ya faɗi dalilin a jumlar farko ba bayan dogon kewaye ba, ya biya haƙƙin mutum cif a ranar, ya kuma rufa masa asiri a kasuwa.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, a makon nan ku kira wanda ke riƙe muku da littafi ko makulli, ku keɓe, ku tambaye shi abin da ya lalace wanda bai gaya muku ba. Karon farko zai ce ba komai. Ku sake tambaya mako mai zuwa. Ranar da ya faɗa, ko asarar ta kai nawa, ku haɗiye fushin, ku yi masa godiya, ku tambaye shi wa zai taimaka a gyara. Sannan ku tabbata sauran yaran sun gan shi da safe yana buɗe shago da makullin nan a hannunsa.